Yadda zaka lissafa awa nawa jirgi zai yi tsakanin gari biyu

Abin ba wuya wallahi. Farko ka nemo nisan garuruwan a miƙe, ba na titin mota ba, don shi jirgi baya bin kwana-kwana. Jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa, to sai ka raba nisan da 850 ka ƙara kamar minti 30 na tashi da sauka.

Misali Landan zuwa New York kusan kilomita 5,570 ne, in ka raba zaka samu awa 6 da rabi, da ƙarin nan ya zama awa 7. Amma fa tafiyar takan kai awa 8 saboda akwai wata iska mai ƙarfi can sama dake kaɗawa daga yamma zuwa gabas, mai zuwa Amurka yana gaba da ita, mai dawowa kuma ita ke turo shi shiyasa dawowa tafi sauri.

Sai ka kula da tikiti, lokacin sauka da aka rubuta agogon can ne, kuma Landan na gaban New York da awa 5 galibi. Nan mutane suke ruɗewa.