Darasi na Bakwai: Motar da Ke Gurfana da Dare

Ka ajiye mota da maraice tana tsaye kyam. Gari ya waye ka tarar ta karkace, gefe ɗaya na baya ya sauka har bakin ƙarfe ya kusa taɓa taya, kamar raƙumi zai gurfana. Ka duba tayoyi, babu wadda ta sace. Wannan ciwo ne na motocin da ke zaune a kan iska maimakon sifirin, kuma a wannan darasi za mu koyi yadda ake gano inda iskar ke zurarewa kafin a kashe ko dala wajen sayen kaya.

Waɗanne motoci ne?

Yawancinsu tsofaffi ne da suka gama zamaninsu a Turai kafin su iso Maraɗi. Akwai Range Rover ƙirar P38 da aka soma a 1994 da wadda ta gaje ta a 2002, akwai Marsandi S ƙirar W220 ta 1998, akwai wasu Prado 120 masu iska a ƙafafun baya kawai. Haka nan manyan kamiyo da tireloli da ke bin hanyar Yamai zuwa Damagaram ko hanyar Ɗan Isa. A kula: Land Cruiser 100 mai ɗagawa da sauka da mai take aiki, haka Citroën Xantia mai koren mai. Waɗannan ba su cikin darasinmu.

Kayan da ke ciki ba su da yawa. A kowace ƙafa mai iska akwai jakar iska, roba ce mai kauri da zare a cikinta, kamar salka, ita ke ɗauke da nauyin mota. Ba ita ce jakar sitiyari da ke fashewa lokacin haɗari ba. Sai kwamfuresa mai hura iska, da ƙaramin gwangwani a jikinta mai shanye danshi. A mafi yawan motoci akwai tankin ajiya. Akwai akwatin bawul, shi ne mai rabon iska, yana buɗe wa kowace jaka hanya ya rufe. Siraran tiyo na roba mai tauri, masu kaurin milimita 4 ko 6, su ke haɗa su duka. A ƙarshe, kusa da tayoyi akwai ma'aunin tsayi mai ɗan hannu, shi ke gaya wa kwamfutar mota cewa an sauka ko an hau.

Ƙasarmu ba ta raga wa wannan roba. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana busar da ita. Yashi da tsakuwar jar hanya, irin ta ƙauyukan Madarumfa da Dakoro, suna shiga cikin ninkin jakar, duk gargadar da aka taka sai su goge ta kamar ana dirza ta da sanfefa. Shi ya sa tsagewa kusan kullum a wurin ninki take farawa, can ƙasa inda robar ke naɗewa a kan gindinta.

Abin da ke tsada ba jakar ba ce. Ƙaramin rami yana sa kwamfuresa ta yi ta aiki ba hutawa don cike gurbi, ita kuwa ba a yi ta don dogon aiki ba. Sai ta yi zafi, zoben fistan ya cinye, ko ta ƙone gaba ɗaya. Da yawa sun sa sabuwar kwamfuresa a kan tsohon rami, bayan ƴan watanni ta bi sahun ƴar'uwarta. Lafiyayyar kwamfuresa minti ɗaya ko biyu take yi ta yi shiru. In kana jin gurnaninta duk inda ka tsaya, iska na fita wani wuri.

Tsare ranka tukuna

Iskar tankin tana kaiwa bar 10, abin da masu faci ke kira kilo 10, a wasu motocin ma ta fi haka. Tayar ƙaramar mota kilo 2 ne zuwa 2 da rabi. Mota mai iska tana iya sauka da kanta ba tare da an taɓa ta ba, wani lokaci buɗe ƙofa kawai ya ishe ta ta motsa. Saboda haka kada ka sa kai ko hannu tsakanin taya da jikin mota sai ka tokare shasi da ƙafafun ƙarfe a kan ƙasa mai tauri. Kirik kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulon siminti kuwa rugujewa yake yi ba sallama. A wurin da yashi ya yi yawa, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashi. Masu garaji, ku hana yaranku wannan ganganci ko da sun ce minti ɗaya ne.

Awon dare

Wannan ne zuciyar aikin, kuma mita da alƙalami kawai yake bukata. A ajiye mota a wuri mai daidai, a bar ta ta kai tsayinta na tafiya, a kashe. Sai a cire fizibil (ɗan abin da ke katse wuta in ta yi yawa) ko rele (makunnin wuta mai aiki da kansa) na sashen iska. Dalili shi ne wasu motocin, musamman Range Rover, sukan farka cikin dare su daidaita kansu: in kusurwa ɗaya ta sauka sai su sauke sauran ukun, da safe ka ga mota duk a ƙasa, ka rasa wace ce mai laifi.

A auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, a kusurwa huɗu. Ba daga ƙasa ake aunawa ba, don kada iskar taya ta shiga lissafi. A rubuta. Da safe a sake aunawa a daidai wurin jiya. Ga misali, cikin santimita:

Gaba dama: dare 47, safe 46
Gaba hagu: dare 47, safe 46
Baya dama: dare 48, safe 47
Baya hagu: dare 48, safe 41

Saukar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi a duk kusurwoyi ba komai ba ne, sanyin asuba ne ke sa iska ta tsuke, balle a hunturu. Amma baya hagu ta yi asarar santimita 7, can za mu nufa. In kusurwa ɗaya ce, zargi yana kan jakarta, ko tiyonta, ko bawul ɗinta. In ƙafafun baya ne duka biyu, ko dai jakunkunan sun tsufa tare, ko akwatin bawul ne. In kuwa mota ba ta sauka ba amma kwamfuresa na yawan tashi, a duba tanki da tiyon da ya taho daga kwamfuresa.

Ruwan sabulu

Mai faci yakan tsoma tiyub cikin ruwa ya nemi kumfa. Mu ba za mu iya tsoma mota ba, sai mu kai mata ruwan. A zuba cokali 2 na sabulun ruwa cikin rabin lita na ruwa, a gora mai feshi, ko gorar roba da aka huda murfinta da ƙusa. A maido da fizibil, a ɗaga mota zuwa ƙarshen tsayinta, domin a nan ne ninkin jakar ke warwarewa, tsagar da ta ɓuya ta fito fili. A tokare, a wanke laka, sannan a fesa.

A jiƙa jakar ko'ina, har bayanta da ido ba ya kaiwa, guntun madubi yana taimakawa. A jiƙa samanta inda tiyo ya shiga, da bakin ƙarfen da ya matse robar. Babban rami zai yi ta busa manyan ƙwai nan take. Ƙarami kuwa sai an yi haƙuri: bayan minti biyu ko uku za ka ga farin kumfa mai laushi yana taruwa wuri ɗaya kamar kumfar madarar da aka tatso yanzu. Mai gaggawa ba ya ganin wannan. In ba a ga komai ba, a sauke mota zuwa tsayin tafiya a sake fesawa, don akwai tsagar da ba ta buɗewa sai robar ta lanƙwashe a kanta.

Daga nan a bi tiyo da hannu taƙi bayan taƙi. Inda ya goga da ƙarfe, inda ya ratsa kusa da bututun hayaƙi, da inda wani ya taɓa yin walda, nan ne yake hujewa.

In jaka da tiyo sun fita da hannu tsarkakke, saura akwatin bawul, wanda yoyonsa na iya zama a ciki inda sabulu ba ya gani. Ga dabara: a tokare mota, a saki iska, a musanya tiyon baya hagu da na baya dama a bakin akwatin, bayan an ɗaura wa kowanne alama. A hura, a cire fizibil, a sake awon dare. In ciwon ya koma dama, bawul ne. In ya tsaya a hagu, jaka ce ko tiyo. Kada a yi tafiya da motar a haka, a mayar da kowane tiyo gidansa.

Gyara

Jakar da ta tsage ba a yi mata faci. Mun san za a gwada, amma facin taya ba ya zama a wurin da ke naɗewa yana warwarewa sau dubbai a tafiya ɗaya, kuma ranar da zai saki ba zai yi shawara da kai ba. A canza ta, in da hali tare da ƴar'uwarta ta ɗaya gefen, tunda rana ɗaya suka fara aiki. Mai sayen ta hannu ya lanƙwasa robar da yatsa a cikin rana. In ya ga ƙananan tsaga kamar faso, ya ajiye musu kayansu.

Wajen sawa, a saki iska a hankali kafin a kwance komai. Kada jakar ta murɗe. Kada kuma a sauke nauyin mota a kan jakar da babu iska, don ninkinta zai karye ba daidai ba, sabuwa ta lalace tun ba ta taka hanya ba. A sassauta kirik har mota ta kusa tsayinta na tafiya, a tada inji jakar ta cika, sannan a sauke gaba ɗaya.

Tiyon da ya huje, a yanke wurin da reza, yanka miƙaƙƙe, a haɗa da mahaɗin da ya dace da kaurinsa. Filaya tana matse baki, baki matsattse kuwa ba ya zama a cikin zoben roba. Yoyon bakin mahaɗi sau da yawa zoben ne ya bushe, ko kan tiyon ya yi zane; a datse ɗan kaɗan, a sa sabon zobe, a tura har ya tsaya, a ja baya kaɗan a ji ya kama. Gam da zaren ɗauri ba su da aiki a nan.

Wanda ya canza kwamfuresa ya canza rele tare da ita, domin relen da ya manne shi ke barin ta tana gudu har ta ƙone. A duba gwangwanin danshi: ƙwayoyin cikinsa in sun sha ruwan damina sun ƙoshi, ko sun zama gari, garin nan yakan bi tiyo ya hana bawul rufuwa. Matatar da kwamfuresa ke shaƙar iska ta cikinta kuwa, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta.

Bayan kowane gyara a sake fesa sabulu a duk inda aka taɓa, a kuma maimaita awon dare.

Aikin aji

Malam ya zana mota a allo da kusurwoyinta huɗu. Wata mota da dare ta ba da 46 a gaba dama, 46 a gaba hagu, 47 a baya dama, 47 a baya hagu. Da safe an samu 40, 45, 46, 46. Kowa ya ɗebe na safe daga na dare a littafinsa, ya rubuta sunan kusurwar da za a fara fesa wa sabulu, da wurare uku da zai duba a can.