Yadda ake saka siririn fallen katako a kwanon da aka haɗa da gutsattsarin itace

Akushi daga kututture ɗaya ake fafe shi. Wannan kwano kuwa gina shi ake yi: a yanka katako ƙanana-ƙanana, a manne su su zama zobe, a jera zobe kan zobe, sannan a ɗora a injin da ke juya katako a sassaƙe. Fallen katako, wanda kaurinsa yawanci bai wuce milimita 0.6 ba, shi ke fitar da siririn layin nan mai ƙawata kwano. Sai dai duk inda haɗi bai zauna ba, layin ne zai fara tona asiri.

Da farko ka zaɓi launin da ya saɓa. Farin falle yana fitowa sosai a jikin jan katako irin maɗaci, baƙi kuma a jikin farin katako. Ka tabbata duka sun bushe.

Sai lissafi. Zobe mai gutsure 12 yana buƙatar a yanke kowane gefe a kan digiri 15, mai 8 kuma digiri 22.5. Idan faɗin zoben santimita 20 ne, tsawon bayan kowane gutsure cikin 12 ɗin zai kai kusan santimita 5.4. Falle ba ya canja kusurwa, amma yana ƙara girma: guda 12 a tsakanin gutsattsarin za su ƙara wa faɗin zoben fiye da milimita 2. Ka cire wannan tun a takarda.

Wurin da ya fi muhimmanci shi ne inda jijiyar katakon ta dosa, wato layukan da ke bin tsawonsa. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, ba ta tsawonsa ba. Saboda haka jijiyar fallen ta bi ta katakon da ke maƙwabtaka da shi. In layi kwance kake so, wanda zai zagaye kwanon, ni ban cika son a shimfiɗa falle guda a tsakanin zobe biyu ba, domin a ɓangare biyu na kwanon bakin jijiya ne zai leƙo, ya yi duhu, wani lokaci ya tsattsage a bakin ƙarfen sassaƙa. Abin da ya fi shi ne ka manna fallen a jikin dogon katakon tun kafin ka yanka gutsattsarin. Da ka haɗa zobe, layin ya zagayo da kansa, launinsa ɗaya.

Wajen shafa gam, ka shafa a jikin katako mai kauri, ba a jikin fallen ba. Farin gam na kafintoci yana da ruwa, yana taɓa falle za ka ga ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Ka ɗora, ka sa miƙaƙƙen katako a sama, ka matse nan take. Da hunturu gam yana saurin kamewa, don haka ka ajiye komai kusa kafin ka buɗe robar.

In kuma layi tsaye kake so, yanka fallen ya ɗan fi gutsuren girma, ka sa a kowace mahaɗa. Haɗa rabin zobe daban, ɗaya rabin daban. Bayan sun bushe, goga bakunansu a kan samfefar da aka manna a shimfiɗaɗɗen allo, ka haɗa su ka ɗaga wajen haske. Muddin haske yana ratsawa, da sauran guga. Sai ya daina sannan ka sa falle biyun ƙarshe ka ɗaure.

Goge saman kowane zobe da ƙasansa su kwanta sumul. Wajen jerawa, mahaɗar sama ta faɗo a tsakiyar gutsuren ƙasa. Ka ba gam kwana guda cur.

A kan inji, sa garkuwar fuska, ka fara da gudu kaɗan. Wasa ƙarfenka akai-akai, domin layin gam yana dakushe shi, kuma dakusasshen ƙarfe fizge falle yake yi maimakon ya yanka. Kada ka yawaita guga da samfefa in akwai baƙin falle mai rini, ƙurarsa tana shiga ramukan farin katako ta ɓata shi. Ka riƙa hure ƙurar bayan kowace samfefa. In kwanon na abinci ne, ka shafe shi da man da aka yi don kayan cin abinci, ba banish ɗin kujera ba.