Bakinka da wayarka: kurakuran sababbin zuwa wurin aiki a Jidda

Mu Hausawa da rediyo muka tashi. Saurayi a Kano ko Maraɗi zai zayyana maka rikicin Yaman da na Siriya kamar a can aka binne cibiyarsa, kuma a teburin mai shayi ba mai hana shi. To, a kamfanin jigilar kaya da nake aiki a Jidda, ɗaki ɗaya za ka tarar da Bamasare da Basudane da ɗan Yaman da ɗan Pakistan da ɗan Indiya da ɗan Habasha. Abin da kai ka ji a labaran safe, wani a cikinsu gidansu ne ya ƙone. Duk shekara sai an kawo sabon ɗan gida ya maimaita ɓarnar na gabansa, ni kuma na gaji da jan mutane gefe.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar cewa tunda sahu ɗaya kuka yi azahar, ra'ayinku ma ɗaya ne. Tun 15 ga Afrilun 2023 ake gwabzawa a Sudan tsakanin sojojin Burhan da dakarun RSF na Hemeti. Akwai Sudanawa biyu a sashenmu, ɗaya ɗan Omdurman wanda aka wawushe gidansu iyayensa suka gudu Masar, ɗayan kuma daga Darfur yake, da nasa gawarwakin da nasa lissafin wanda ya jawo. Sun yi wa juna kara, ba sa taɓa zancen, kwano ɗaya suke cin ful, wato dafaffen wake irin nasu, da safe. Sai ga wani yaro da ni na tsaya masa aka ɗauke shi aiki, yana tsoma burodi a kwanon yana murmushi, ya kira su irin yadda Sudanawa ke kiran juna ya ce, "Ya zol, tsakani da Allah wa ke da gaskiya, Burhan ko Hemeti?" Ɗaya ya amsa, ɗayan ya ajiye burodinsa ya tashi. Daga ranar takardun kwantena da ke bi ta hannunsu suka koma bi ta hannun mutum na uku, kaya suka riƙa kwana a tashar jirgin ruwa, kuɗin jinkiri ya taru, mudir, wato manajanmu, kuma ni ya kira, don ni na kawo yaron. Ƙarshe ɗan Darfur ɗin ya nemi a canza masa reshe, muka rasa wanda ya fi kowa sanin aikin kwastan. Wai me amsar za ta ƙara maka, ƙanena? Kai ne za ka sasanta su? Ni abin da nake tambaya ɗaya ne: yaya mutanen gida, an ji daga gare su? In ya buɗe baki na saurara, in ya ce alhamdu lillahi ya yi shiru, na ce Allah ya kawo ƙarshen abin, mu koma kan aiki.

Na biyu waya ce, kuma a nan ba na sassautawa. Mutum ya ga bidiyon zagin wani shugaba, kafin ya gama kallo ya tura zauren WhatsApp na ma'aikata. Saudiyya tana da dokar laifukan intanet tun 2007, kuma yaɗa abin da aka ɗauka ya taɓa zaman lafiyar jama'a na iya kai mutum ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 3. Ko ba a kai nan ba, kai da iƙama, wato takardar izinin zama, kake zaune, kamfani na iya sallamarka ka tsinci kanka a jirgin Kano. Ka kuma tuna gwamnatoci suna shiryawa. An yanke hulɗa da Ƙatar a Yunin 2017, aka sasanta a Al-Ula a Janairun 2021. Saudiyya da Iran sun maido da hulɗa a Maris 2023 a birnin Beijin. Su sun yi musabaha, kai kuma rubutunka yana nan a wayar mutum talatin. Ni zauren aiki ba na sa komai sai lambar kwantena da barka da Juma'a. Wasu suna cewa tsoro ne ya yi mini yawa. Su faɗa, baki dai shi ke yanka wuya.

Sauran ƙanana ne. Kada ka kira ɗan Bangaladash ɗan Pakistan, da yaƙi suka rabu a 1971. Kada ka ambaci Kashmir tsakanin ɗan Indiya da ɗan Pakistan ko da wasa. Madatsar ruwan Habasha a kan Nilu ba hirar cin abinci ba ce in Bamasare yana wurin. Zancen tsohon shugaban Masar Mursi da Ikhwan, ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi, ka bar shi a gida, tun 2014 Saudiyya ta sa ƙungiyar cikin jerin 'yan ta'adda. In kun je Umara tare, ba ɗaga tuta ba rera take a Harami.

Mu kanmu fa? Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 na ga ɗan Kano da ɗan Damagaram suna ɗaga wa juna murya a ɗakin cin abinci kan ECOWAS da yanke wutar lantarki, suna ganin ai Hausa suke yi ba mai ji. Sunan Tinubu da Tchiani da Faransa kowa yana ganewa, kuma washegari sai ga tambayoyin Boko Haram da masu garkuwa da mutane, irin waɗanda ba ka son a yi maka.

Akwai kuma masu wuce gona da iri su ɗinke baki gaba ɗaya, har a fara zargin suna kai rahoto wa mudir. Ka yi hira mana. Ga ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ittihad da Ahli nan a Jidda, gardamarsu ba ta ƙarewa, kuma in ka ce Ahmed Musa ɗan ƙasarku ne, duk mai goyon Al-Nassr, ƙungiyar da ya taɓa buga wa wasa, zai ja kujera ya matso kusa da kai.