Rina Baƙin Gashi Ya Koma Ja: Inda Masu Farawa Suke Tuntuɓe

Hoton da ke jikin kwalin rini ya yaudari mata da yawa. Ki ga wata da gashi jawur kamar garwashi, ki biya kuɗinki, ki zo gida ki shafa, ki wanke, ki ɗauko madubi, sai ki tarar da baƙinki yana nan daram. Sai kin fita tsakar gida rana ta haska shi ake ganin ɗan jaja-jaja. Ba lallai jabu aka sayar miki ba. Launin kwalin a kan gashi mai haske yake fitowa, kuma ko a marinar Ƙofar Mata farin yadi ake tsomawa a karofi, ba baƙi ba. Juya bayan kwalin, galibi akwai ɗan zanen da ke nuna abin da zai bayar a kan gashi mai duhu. Wannan ne naki.

Masu gyaran gashi suna auna duhunsa daga 1 (baƙi wuluk) zuwa 10 (mafi haske), kuma yawancinmu a 1 ko 2 muke. Ja mai duhu irin na zoɓo ba ya neman a kore baƙin sosai, rini mai haɗe da ruwan haɗi, wato ruwan da ake cakuɗawa da rini don ya washe baƙin gashi, kan iya ba ki shi idan gashin bai taɓa ganin wani rini ba. Ja mai ƙyalli kuwa sai an yi bilicin tukuna.

A nan ne kuskure na biyu yake, kuma ya fi na farko ɓarna. Da mace ta ji sai an yi bilicin, sai ta nemi ruwan haɗi mai ƙarfi sosai, mai lamba 40, ta bar shi a kai har gashin ya koma ruwan ɗorawa. Alhali jan da take nema yana kwance ƙarƙashin baƙin nan tun asali. Idan baƙin gashi ya fara washewa, ja-ƙasa yake fara zama, ya koma ja, ya koma ruwan goro, sannan ɗorawa. Mai son ja a ruwan goro za ta tsaya, don shi ne ke riƙe rinin ya ba shi zurfi. Wadda ta zarce ta ci wa gashinta mutunci a banza, kuma janta zai yi saurin kwaɗewa. Lamba 20, wato mai kashi 6 cikin 100 na sinadarin ferokzayid, ta wadatar wa mai farawa. Lamba 40 ninkinta ce, tana iya ƙona fatar kai.

Abin da na fi son a tsaya a kai shi ne tarihin gashin, domin shi ne aka fi ɓoyewa. Mace za ta zauna a shago a tambaye ta, ta ce ba ta sa komai ba, ta manta da baƙin rinin da ta shafa wata takwas da suka wuce don rufe furfura uku. Rini ba ya kore rini. Sabon tsiro zai yi ja, jelar ta tsaya baƙa wuluk, kai ya fito kala biyu. Maganinsa sai man cire rini da ake sayarwa musamman, ko a haƙura a riƙa datse tsohon a hankali.

Mai rilaksa ita ma ta yi hattara. Gashin da aka miƙar ya riga ya yi rauni, a ba shi aƙalla mako biyu kafin rini, bilicin kuwa ni ban ga dalilin ɗora shi a kai ba ko kaɗan. Na taɓa ganin kan da aka haɗa wa su biyun ana gobe biki: da aka jiƙa shi sai ya riƙa miƙewa kamar cingam, yana biyo mataji dunƙule-dunƙule. Idan naki ya kai haka, ki dakata da duk wani sinadari, ki koma kan mayukan gyara masu furotin, a datse inda ya mutu. Babu man da ke dawo da shi yadda yake.

Sai lalle. Tsantsar lalle ba ya kore baƙi, ɗan sheƙin ja kawai yake bayarwa, furfura kuma ya mayar da ita ruwan goro. Amma yana kama gashi da ƙarfi, ya sa rinin da aka ɗora daga baya ya fito yadda ba a zata ba, kuma wasu garin lallen na kasuwa ana haɗa su da sinadaran ƙarfe da ba sa shiri da ruwan haɗi. Shi ya sa ake yanko ɗan tsagi daga ƙeya a gwada a kansa kafin a shafe kai duka.

Wani gwajin kuma na lafiyarki ne, ba na ado ba. Dayis ɗin da ake baƙin ƙunshi da shi sau da yawa yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda jikin wasu ba ya ɗauka, kuma yana cikin rinin gashi masu yawa. Idan ƙunshi ya taɓa sa miki ƙaiƙayi ko ƙuraje, kada ki kusanci rini sai kin ga likita. Kowa ma ya kamata ta ɗiga rinin kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ta jira awa 48. Kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan rini maganar asibiti ce nan take.

Wajen shafawa, hannu kan so ya fara daga tushe kamar ana shafa man kitso. Ɗumin fatar kai yana sa tushen ya riga sauran kamawa, ya fito ja fau, ƙasan kuma duhu. Raba kan gida huɗu, ki fara daga tsakiyar sili zuwa jela, tushen ya zo ƙarshe. Idan tushen ya riga ya fito ja fau, rini marar ruwan haɗi mai ɗan duhu a tushen kaɗai zai daidaita shi. Mai cikar gashi ta sayi kwali biyu, ƙarancin rini ne ke kawo dabbare-dabbare. Kwanon roba, ba na ƙarfe ba, safar hannu, basilin a goshi da kunnuwa. In kuma launin bai yi miki ba, kada ki maimaita a ranar, ki ba kan hutun makonni.

Ja ya fi kowane launi saurin gudu. Ruwan zafi da sabulun wanki ko shamfu mai kaifi su ne ɓarayinsa, don haka ruwa mai sanyi-sanyi da shamfu marar salfet (sinadarin kumfa mai kaifi), kuma ba kullum ba. Da hunturu ki yawaita man kaɗanya, ki ɗaga wa kitso mai tsauri ƙafa na ɗan lokaci. Wankin farko-farko ruwan zai riƙa fita ja, ba wani abu ba ne, sai dai kada ki ɗaura farin ɗankwali ko ki zura hijabi mai haske a kan jiƙaƙƙen gashi, haka rigar filo. Gashi na tsirowa kusan santimita ɗaya a wata, idan baƙin ya leƙo bayan mako shida ko makamancin haka, sabon tsiron kaɗai za a taɓa da rini mai ruwan haɗi, sauran kuma a farfaɗo da shi da rinin da ba shi da ruwan haɗi.