Idan na'ura ta ƙi tashi a gungun Hadoop

Karon farko da na haɗa gungun Hadoop, wato manhajar da ke haɗa kwamfutoci da yawa su adana bayanai masu yawa su kuma sarrafa su tare, kwamfutoci huɗu ne: uwa ɗaya mai riƙe da NameNode, manhajar da ke sanin inda kowane fayil yake, sai ma'aikata uku. Na buga start-dfs.sh, allo ya nuna ana tayar da kowa, amma da na buɗe shafin NameNode a ƙofa (port) ta 9870, ban ga ma'aikaciya ko ɗaya a raye ba. Kwana biyu na yi ina tonon uwar, ashe a jikin 'ya'yan alamar ciwon take.

Shi start-dfs.sh ɗan aike ne kawai. Yana bi ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ya ce wa kowace na'ura ta tashi, ba ya tsayawa ya ga ko ta ɗore. Don haka ka shiga cikin wadda ta ƙi bayyana, ka buga jps, umarnin da ke jero manhajojin Java da ke gudana. In babu DataNode a jerin, wato manhajar da ke adana guntayen fayiloli a kan ma'aikaciya, ka nufi foldar logs ta wannan na'urar, ka buɗe fayil mai ƙarewa da .log, ka riƙa karantawa kana hawa sama har ka kai ga kuskuren farko. Na ƙasan yawanci shi ya haife su.

In ko fayil ɗin ma babu, to saƙon ɗan aiken bai isa ba. Duba ko sunanta yana cikin fayil ɗin workers, wanda a Hadoop 2 ake kira slaves. Daga uwar, gwada shigarta da SSH. Muddin ta tambayi kalmar sirri, makullin SSH da ke ba uwar damar shiga ba tare da ita ba bai zauna ba. Izinin foldar .ssh ya zama 700, na authorized_keys kuma 600. JAVA_HOME kuwa, wato inda Java take a na'urar, a hadoop-env.sh za ka rubuta shi, a kowace na'ura.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ma'aikaciyar da jps ke nuna tana raye, amma uwar ba ta san da ita ba. A log sai layi ɗaya yake ta maimaituwa, tana ƙoƙarin kiran uwar babu amsa. Ubuntu da Debian suna saka wani layi a /etc/hosts da ke ɗaura sunan na'ura a kan 127.0.1.1. Uwar ta ɗauki wannan adireshi ta zauna tana sauraro a kai, alhali ba mai iya isa gare shi sai ita kaɗai. Buga ss -ltn a kan uwar, ka dubi ƙofar da ka sa a fs.defaultFS cikin core-site.xml, ko 8020 ce ko 9000. In ka ga lambar gabanta ta fara da 127, ka kama ɓarawon. Goge layin, ka rubuta ainihin adireshin kowace na'ura da sunanta, ka kwafa jerin iri ɗaya ga kowa, sannan ka sake tayar da gungun. In adireshin daidai yake, saura katangar tsaro (firewall): buɗe wannan ƙofa.

Ma'aikaciyata ta uku ni na kashe ta da hannuna. Da abu ya ƙi, na sake yi wa NameNode fomat, ban san kowane fomat yana ba uwar sabuwar clusterID, wato lambar shaidar gungun, ba. Ita ma'aikaciyar tana riƙe da tsohuwa a fayil ɗin VERSION da ke foldar current, sai ta ga lambobin sun saɓa, ta rubuta Incompatible clusterIDs ta mutu. In gungun sabo ne, ba komai a ciki, ka share foldar bayanan ma'aikaciyar ka sake tayar da ita. In akwai bayanan mutane a ciki, don Allah kada ka taɓa fomat, domin yana goge taswirar da uwar ke gane guntayen fayiloli da ita, kuma daidaita lamba ba ya dawo da ita.

Kafin ka tashi daga kujera, buɗe hdfs-site.xml ka ba dfs.namenode.name.dir da dfs.datanode.data.dir mazauni na dindindin. In ka bar su yadda suka zo, a ƙarƙashin /tmp suke, wurin da tsarin aiki da yawa ke sharewa duk lokacin da aka sake kunna na'ura.