Injin jirgin ruwa ya ƙi tashi: kurakuran da aka fi yi

Yawancin injinan da ake ɗaurawa a bayan ƙaramin jirgi, in sun ƙi tashi, ba lalacewa suka yi ba. Wani ɗan abu ne ya tsaya, sai mai jirgi ya ɗauko sifana ya kwance kafireto, ya ƙara wa kansa aiki.

Fara da abin da ba ya buƙatar kayan aiki. Akwai ɗan maƙalli mai igiya, galibi ja, da matuƙi ke ɗaurawa a hannu don injin ya mutu in ya faɗa ruwa. Muddin bai zauna daidai ba, fulogi ba zai ba da wuta ba, ko da ka ja igiyar tayar da inji har hannunka ya sage. Haka giya: injina da yawa ba sa tashi sai tana firi.

Sai mai. Tankin hannu yana da ɗan notin iska a murfi. In aka bar shi a rufe, injin ya tashi, jim kaɗan ya mutu. Buɗe shi, ka matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo har ya yi tauri, ka tabbata kibiyar da ke kansa tana fuskantar inji.

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina, shi ne na cok, wato abin da ake ja don rage iskar da ke shiga kafireto. Cok na inji mai sanyi ne. Mutum zai ja shi, inji ya yi tari alamar zai kama, amma maimakon ya mayar sai ya bar shi a jawe ya ci gaba da fizga. Nan take inji ya sha mai. Za ka ji warin fetur, in ka cire fulogi ka gan shi a jiƙe. Mayar da cok, giya na firi, ka buɗe totur ka ja, ka kuma rage shi da zarar ya kama. In ya ƙi, cire fulogi ka busar.

Masu injin da ake gauraya wa baƙin mai da fetur kan ƙara yawan baƙin man wai don kariya. Injina da yawa 50:1 suke so, wato mililita 20 na baƙin mai a kowace lita ta fetur, amma bi abin da kamfanin ya rubuta. Ƙarin ba ya haifar da komai sai hayaƙi da baƙin fulogi. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki kuwa, a canza shi.

In na makulli ne kuma ka ji ƙas-ƙas kawai, kada ka yi saurin sayen batir. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. Sau da yawa kan batir ne ya yi datti ko ya saki. Goge, ka ɗaure. Kada kuma ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, sitata na ɗaukar zafi.

Kada ka gwada tayar da shi a tudu ba ruwa. Ƴar farfelar robar da ke tura ruwan sanyaya inji tana ƙonewa cikin daƙiƙu. Sa ƙafar injin cikin durom na ruwa tukuna.