Idan jinga ta taru maka, hankali kuma ya ƙi zama wuri ɗaya

Ni malamin Lissafi ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Taura ta jihar Jigawa, kuma ƙorafin da na fi ji daga bakin 'yan aji huɗu zuwa shida bai wuce biyu ba: "Malam, karatun ba ya shiga," da kuma "Malam, abin ya yi min yawa, ban san ta inda zan fara ba." Akasarin masu faɗin haka sun riga sun yanke wa kansu hukuncin cewa ƙwaƙwalwarsu ce ba ta ja. Ni kuwa ban yarda ba. Yaron da ya haddace izu goma, ko yarinyar da ke lissafin cinikin awarar gidansu da ka ba tare da ta ɓatar da ko naira ba, babu mai ce min ba su da kai. Abin da ke faruwa shi ne kana zama gaban aiki mai yawa a lokacin da jikinka ya riga ya mutu, a wurin da kowa ke da ikon ƙwala maka kira. Wannan kuwa abu ne da ake iya gyarawa.

Abu na farko, sauke kayan daga kanka. Buɗe shafin ƙarshe na wani littafinka, ka rubuta kowace jinga da ake bin ka: darasin, abin da aka ce a yi, da ranar da za a karɓa. Kada ka tsaya gyara rubutu. Muddin jingar tana yawo a kai, kowace sai ta riƙa leƙowa tana tuna maka da kanta. Kana kan Bayoloji, tunanin Turanci na tsungulin ka. Sau da yawa idan na sa ɗalibi ya rubuta a gabana, sai mu tarar abin da yake kira "sun yi yawa" guda huɗu ne, biyu daga ciki ma sai mako mai zuwa za a karɓa.

Daga nan sai yanka aikin, kuma a nan ne nake so ka daɗe. Ka tuna yadda aka koyar da kai a makarantar allo. Ba a taɓa miƙa maka doguwar sura sukutum aka ce gobe ka kawo ba. Ana rubuta maka abin da allo zai ɗauka, a biya maka, ka yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan a wanke a ɗora sabo. To haka za ka yi wa jinga. "Zan yi Lissafi" ba aiki ba ne, niyya ce kawai, shi ya sa kake zama ka tasa littafi gaba ka yi ta kallo. Aiki shi ne "tambaya ta 1 zuwa ta 3." Idan insha'in Turanci ne, irin wanda WAEC ke neman kalmomi wajen 450, kada ka ce a zama ɗaya za ka gama. Yau ka jera abubuwa huɗu da kake son faɗa, ko da Hausa ne. Gobe ka rubuta sakin layi biyu. Jibi ka ƙarasa, ka karanta da ƙarfi ka ji inda ya yi tuntuɓe. Duk yankin da ka gama, ka ja masa layi a wancan shafin na ƙarshe. Jan layin nan yana da daɗi, kuma daɗin ne ke tura ka zuwa na gaba.

Wasu malamai na cewa a fara da mafi wuya tun da sauran ƙarfi. Ga wanda hankalinsa ke kwance, daidai ne. Amma kai da tsoron aikin ya riga ya kama ka, fara da mai sauƙi na minti goma, hannu ya saki, sannan ka tunkari mai wuyar. Sai dai kada mai sauƙin ya zama maɓoya, ka kwashe dare kana zanen fure a littafin Bayoloji da biro kala uku.

Sai maganar lokaci. Akwai dabarar da wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi: aiki minti 25 ba ɗagowa, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai ɗan tsawo. Tana aiki, domin zuciya ta fi yarda da wahalar da ta san ƙarshenta. Idan 25 ɗin ta yi maka tsawo, fara da 10. Matsalarta a wajenmu ita ce agogon yawancinku yana cikin waya, wayar kuwa ita ce ɓarauniyar. Don haka nake cewa ku yi amfani da agogon da kowa ke ji: kiran salla. Daga idar da magariba zuwa kiran isha zama ɗaya ne mai kyau, yana da farko yana da ƙarshe. Wanda ya fi shi shi ne bayan asuba, kafin gida ya tashi, kafin a fara neman mai zuwa rijiya. Rabin awa a lokacin ya fi awa biyu na gyangyaɗi bayan isha.

Kada ka zana jadawali ɗaya ka ce shi ne na shekara. Zangon farko yana faɗawa cikin kaka, ana yankan gero, ana cirar gyaɗa, ana kaɗar riɗi. Zango na uku yana haɗuwa da shuka da noman farko. A irin waɗannan makonni wanda ya yini a gona ba zai iya dogon zama da dare ba, sai ya koma gajerun zama da asuba da kuma cikin makaranta, a duk darasin da malami bai shigo ba. Da bazara kuma, tsakanin azahar da la'asar a ɗakin kwano ɓata lokaci ne. Ɗauki tabarma ka nemi inuwar darbejiya. Alhamis da Juma'a da yamma, da yake yawancin Islamiyyu na hutu, ajiye su don manyan ayyuka. Idan kana cikin masu cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi, cire Lahadi daga lissafi tun farko, kada ka yi wa kanka alkawarin da ka san ba za ka cika ba, domin saɓa shi ne ke sa ka ji kamar ba ka da amfani.

Waya kuwa, ga dabara mai sauƙi. Tunda dole sai an kai ta shagon caji, kai ta daidai lokacin da za ka zauna jinga, ka karɓo bayan ka gama. Idan ta WhatsApp aka turo tambayoyin, kwafe su a takarda tukuna. Kifa waya a gefen tabarma bai wadatar ba, hannu ya san hanya. Wanda ke haska littafi da fitilar waya, ya daure ya tara kuɗin ƙaramar fitilar sola.

Ko ba waya, tunani zai zo. Kana tsakiyar lissafi sai ka tuna ba ka ba awaki ruwa ba, ko maganar da wani ya faɗa maka a filin ƙwallo. Kada ka yi kokawa da shi, kada kuma ka tashi. Rubuta shi a gefen takarda da kalma biyu, ka ci gaba. Lokacin hutu ka duba. Idan ido na bin layi amma ba abin da ke shiga, ɗaga murya ka karanta, ko ka miƙe tsaye. Ka rufe littafin ka gwada faɗin abin da ka karanta da bakinka, kamar kana koya wa ƙaninka. Abin da ka kasa faɗa shi ne ba ka sani ba.

Wani abin da ake kira rashin natsuwa, a gaskiya rashin gane Turancin tambayar ne. Hankali ba ya zama a kan abin da bai fahimta ba. Kafin ka fara amsa, mayar da tambayar Hausa da bakinka: me aka ba ni, me ake so in nemo? Idan ka kasa, ja layi ƙarƙashin kalmar da ta tare ka, ka wuce ta gaba, gobe ka tambaya. Kada tambaya ɗaya ta cinye maka dare.

Yanzu ke, 'yata, naki ya fi nauyi, na sani. Ga wanke-wanke, ga raino, ga tuwon dare, wata ma ga talla. Fushi da kumbure-kumbure ba za su ba ki lokaci ba. Abin da na ga yana aiki shi ne roƙo mai iyaka. Kada ki ce "Inna, ina da karatu," domin a kunnenta wannan ba shi da ƙarshe. Ki ce, "Inna, in akwai aike a ba ni yanzu, daga magariba zuwa kiran isha zan yi jinga, ana idarwa zan wanke kwanuka." Sannan ki cika. Iyaye mata sun fi sakin yarinyar da suka san lokacin da za ta dawo hannunsu. Ku kuma iyaye, idan wannan ya iso gare ku, minti arba'in ɗin nan ba zai rushe gida ba.

Karatu da aboki yana taimaka wa wasu ƙwarai, ko da kowa nasa yake yi. Ganin wani a duƙe yana riƙe ka. Amma mutum biyu ko uku. Sun kai biyar, majalisa ce.

Kwafar jingar wani da safe a bayan aji kuwa, na san ana yi, ina kuma gane ta tun daga kuskuren da ya zo iri ɗaya a littafi shida. Za ka samu makin, amma WAEC na nan tafe a watan Mayu da Yuni, NECO na biye da ita, jami'a na neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. JAMB kuma tambayoyi 180 ne cikin awa biyu a gaban kwamfuta, babu littafin da za a leƙa.

Wani lokaci matsalar ba ta tsari ba ce, ta jiki ce. Likitoci na cewa matashi mai shekarunku yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya raba dare a gidan kallo ya tashi asuba, ba dabarar da za ta zaunar masa da hankali. Kwanan zaune da shayi mai kauri ko goro ranar jajibirin gwaji bashi ne, a aji za ka biya. Tiramol da kodin kuwa, waɗanda wasu ke cewa suna ƙara kuzari, ko kusa kada ka je. Ba banza gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba. Kada ka fita da safe ciki wayam, ko ɗumame ne ka taɓa. Idan kullum a gajiye kike, ga jiri, ga haki a ɗan aiki, a je a auna jini. Idan akwai jini a fitsari, musamman ga masu shiga ruwan fadama da Kogin Haɗeja, wataƙila tsargiya ce, tana da magani. Idan rubutun allo na yi maka hazo, ido za a duba.

Akwai kuma wanda tun yana ƙarami haka yake a ko'ina, a gida, a Islamiyya, a boko: mantuwa, ɓatar da kaya, kasa ƙarasa abin da ya fara duk da ƙoƙari. Wannan yana iya zama lalurar da likitoci ke kira ADHD, ba iskanci ba ne, bulala kuma ba ta warkar da ita. Haka wanda ya haura mako biyu cikin ƙunci, barci ya lalace, abinci ya fita ransa. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Idan abin ya fi ƙarfin na kusa, za su tura Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Idan duk ka yi wannan amma ka ga ba za ka gama kan lokaci ba, kada ka ɓuya, kada kuma ka ƙi zuwa makaranta ranar. Ka je wurin malamin kwana ɗaya kafin ranar karɓa, da littafinka a hannu. Ka gaishe shi, ka ce, "Malam, na yi ta 1 zuwa ta 4, a ta 5 na maƙale, ga inda na tsaya." Wanda ya zo min haka nakan nuna masa matakin da ya tsallake, in ƙara masa kwana biyu. Ka zaɓi lokacin tara ko bayan an tashi, ba sa'ad da yake sauri zai shiga wani aji ba.